Yadda Ake Zaɓen Harsashin Bindigar Iska Don Farauta da Harbin Saiti

Ɓeraye ne suka sa na fara riƙe bindigar iska. Sun addabi ɗakin da muke ajiye abincin kaji, ni kuma ba na son zuba guba inda kaji da yara ke kai-kawo. Da na je sayen harsashi, mai shago ya miƙo mini gwangwani biyu, ɗaya mai tsinin kai kamar mashi, ɗaya mai zagayen kai. Ban yi wata-wata ba na ɗauki mai tsinin, don a ganina abin da ya fi tsini shi zai fi kisa. Wata guda cur ina harbi ina kuskure. Na zargi madubin saiti, na zargi hannuna, har na fara cigiyar mai sayen bindigar. Sai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana harbin hasbiya, ya zo ya tsaya yana kallona. Ya ciro gwangwaninsa ya ƙirgo mini ƙwaya goma, ya ce, "Yaro, bindigarka lafiyarta lau. Abincin da kake ba ta ne bai karɓe ta ba." Na ce, "Baba, ai duk dalma ce." Bai tanka ba, ya nuna mini kwalin da nake harbi da hannu. A mita 20, huda biyar na ƙarshe suka taru wuri guda, har murfin kwalbar lemo ya rufe su.

Tun daga ranar na gane cewa bututun bindiga shi ke zaɓen harsashinsa. Bindiga biyu daga kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, sai ka ga wannan tana son wani harsashi, waccan ta ƙi shi. Aikinka shi ne ka rage yawan waɗanda za ka gwada, sannan ka gwada su yadda ya kamata.

Kafin komai, a Najeriya dokar makamai ta sa bindigar iska cikin makaman da ake nema wa lasisi daga 'yan sanda. Ka kammala wannan tukuna. A halin da ake ciki na tsaro, fita daji da abin da ya yi kama da bindiga ba tare da takarda ba neman fitina ne.

Mataki na farko: san bindigarka

Duba jikin bututun ko kusa da inda ake ɗura harsashi, za ka ga an buga faɗin bakinta. Waɗanda aka fi samu su ne .177, wato milimita 4.5, da .22, wato milimita 5.5. Akwai .20 mai milimita 5, ba ta da yawa, da .25 mai milimita 6.35 ta manyan bindigogi. Harsashin wannan ba ya dacewa da waccan, don haka wannan ba zaɓi ba ne, an riga an yanke maka.

Abu na biyu, me ke tura harsashin? Idan irin wadda ake karya bututunta a ɗana ce, sifirin ne a ciki yake tura fistin ya matse iska. Idan mai tanki ce da ake cika wa iska da famfo, wadda ake kira PCP, iskar tana matse ne tun farko, galibi har "bar" 200 ko fiye a ma'aunin matsin iska, kunama kawai ke sakin ta. Bambancin yana da muhimmanci. Mai sifirin tana buƙatar harsashi matsakaici wanda zai ɗan tare iska ya zama matashi ga fistin. Ka sa mata marar nauyi ƙwarai, fistin ya buga ƙarshen hanyarsa da ƙarfi, kusan kamar ka harba ta babu komai a ciki, a hankali roba da sifirin su lalace. Ka sa mata mai nauyin tsiya, gudu ya faɗi, girgiza ta ƙaru. Mai tanki kuwa ba ruwanta da wannan, sau da yawa ma ta fi ba da ƙarfi da harsashi mai nauyi.

Mataki na biyu: siffar kai

Ɗauki ƙwaya ɗaya ka kalle ta a tafin hannu. Tana da kai mai nauyi, da ƙugu siriri kamar na kalangu, da gindi mai rami da ya buɗe kamar siket. Wannan ƙira ana kiranta diyabolo. Idan iska ta bugo, siket ɗin yana buɗewa ya manne da bangon bututu ya hana iska tserewa, ya kuma kama tsagogin nan da aka murɗa a ciki don harsashi ya fita yana juyi. A sarari kuma siket ɗin ne ke jan iska daga baya ya hana kai karkacewa. Saboda haka duk abin da ya taɓa siket ya taɓa saiti. Zan dawo kan wannan.

Mai zagayen kai shi ne uban tafiya. Ya fi kowa tsaga iska, ya fi riƙe gudu, ya fi jure iskar gefe, kuma kansa na da sauƙin yi daidai a masana'anta. In za ka sayi iri ɗaya tak a rayuwarka, to shi. Masu gasar harbin daji a Ingila, inda ake harbin ƙananan ƙarafa har nisan yadi 55, shi suke amfani da shi, maharba na gaske ma haka.

Mai faɗin kai an yi shi ne don takarda. Yana yanke huda tsaf kamar an sa abin huda takarda na ofis, alƙali ya ƙirga maki babu gardama. Shi ake harbawa a gasar Olamfik ta mita 10, da bindiga .177, inda ɗigon tsakiya mai maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal. A wannan tazarar babu kamarsa. Amma faɗin nan yana cin iska, da ya wuce mita 20 zuwa 25 sai ya fara rasa gudu ya watse. Yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba: ga ɓera a cikin sito a mita 10, yana sauke ƙarfinsa duka a jiki, bai cika ratsawa ya je ya fasa wani abu a baya ba.

Mai ramin kai an yi shi don ya buɗe idan ya shiga nama. Yana yi, amma sai da gudu. A ƙaramar bindiga ko a nesa, yakan isa ba shi da ƙarfin buɗewa, ka yi asarar saiti ba ka samu buɗewar ba.

Mai tsini kuwa, wanda ya ci mini wata guda, matsalarsa ɗaya ce. Da wuya tsinin ya zauna a tsakiya daidai a kowace ƙwaya, kuma in ya kauce ko da kaurin gashi ne, harsashin da ke juyi zai riƙa lilo. Akwai masu kyau a cikinsu, kuma akwai bututun da ke son su, amma ba daga nan zan ce ka fara ba. Ƙwallayen ƙarfe kuma kada ka kusantar da su bututu mai tsaga. Suna cin tsagar, suna kuma dawowa kan mai harbi idan sun bugi abu mai tauri.

Mataki na uku: nauyi da gudu

A kan gwangwani za ka ga nauyi da giren, wani lokaci da giram. Giren ɗaya giram 0.0648 ne. A .177 matsakaicin nauyi yana tsakanin giren 7.9 da 8.7: Crosman Premier na Amurka 7.9, RWS Superdome na Jamus 8.3, JSB Exact na ƙasar Cek 8.44, H&N Field Target Trophy na Jamus 8.64. Masu nauyinsu, kamar JSB Exact Heavy 10.34 da H&N Baracuda Match 10.65, na bindigogi masu ƙarfi ne. A .22 matsakaici shi ne 14.3 zuwa 16, inda JSB Exact Jumbo ke da 15.89, Field Target Trophy 14.66. Daga 18 zuwa 21 kuma a bar wa mai tanki ko sifirin mai ƙarfin gaske.

A nan ne talla ke yaudarar mutane. Za ka ga kwalin bindiga an rubuta ƙafa 1,200 a daƙiƙa da manyan baƙaƙe. Wannan gudun da harsashi marar dalma, marar nauyi, ake samun sa, kuma ba alheri ba ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kimanin ƙafa 1,125. Harsashi mai ƙugu ba a yi shi don ya kusanci wannan gudun ba. Da ya matso kusa, iskar da ke kewaye da shi ta rikice, siket ya fara rawa, ya tafi inda ya ga dama, ga kuma ƙara kamar ta bulala da ke korar duk abin da ke kusa. Ya fi natsuwa a tsakanin mita 240 zuwa 280 a daƙiƙa, ƙasa da haka ma ba laifi. Saboda haka idan bindigarka tana yin wannan ƙarar bulalar, maganinta harsashi mai nauyi, ya sauko da gudun.

Ga lissafin da zai nuna maka cinikin da ake yi. Ƙarfi shi ne rabin nauyi a kilogiram sau gudu sau gudu. Ƙwaya mai giren 8.44, wato giram 0.547, a gudun mita 240 tana ɗauke da jul kusan 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfi). Ƙwayar .22 mai giren 15.89, wato giram 1.03, a gudun mita 175 ita ma jul kusan 16. Wannan ya yi daidai da iyakar da Ingila ta sa wa bindigar iska marar lasisi, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Ƙarfi ɗaya, amma tafiya daban. Kafin su kai mita 30, ta farko ta sauka kimanin santimita 9 daga layin bututu, ta biyu kimanin 16. Mai sauƙin tana yafe maka idan ka yi kuskuren kimanta nisa. Mai nauyin tana bugu da faɗi, ba ta cika ratsa dabba ta wuce ba, amma sai ka san nisanka sosai. Cikin bindiga guda ma haka ne: ƙara nauyi yana rage tasirin iska, yana ƙara lanƙwasar tafiya.

Mataki na huɗu: faɗin kai

Juya gwangwani mai kyau ka duba ƙasansa. Sau da yawa akwai 'yar takarda da aka rubuta 4.50, 4.51 ko 4.52, a .22 kuma 5.51, 5.52, 5.53. Faɗin kan harsashi ke nan, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kamar ba komai ba, amma bututu yana ji. Yatsanka ma zai gaya maka. Harsashin da ya dace yana shiga da ɗan turawa kaɗan, ya zauna daram. Wanda ya faɗa da kansa kamar an jefa tsakuwa a rijiya ya yi ƙanƙanta. Wanda sai ka danne shi har ya bar shaida a babban yatsa ya yi girma. Abin da ya fi duka muni shi ne gwangwanin da wannan ƙwaya ta shiga da sauƙi, mai bi mata ta ƙi. Irin wannan ba zai taɓa tara huda wuri guda ba, ko wane suna ke kansa.

Idan bindigarka mai tanki ce mai gidan harsashi da ke juyawa, ka tabbata tsawon ƙwayar bai fi gidan ba. Masu nauyi da masu tsinin roba sukan yi tsawo su maƙale.

Mataki na biyar: saye da dubawa

Kada ka sayi gwangwani biyar na iri ɗaya tun ba ka gwada ba. Nemi iri uku zuwa biyar masu zagayen kai, nauyi daban-daban cikin abin da ya dace da bindigarka. Idan kuɗi bai kai ba, ku haɗa kai da abokan harbi, kowa ya sayi iri ɗaya ku yi musayar ƙwaya hamsin-hamsin.

A shago, ka ƙi gwangwanin da ya lotse, don faɗuwar da ta lotsa ƙarfe ta lanƙwasa dalma. A gida ka zuba ƙwaya talatin a kan farin ƙyalle, ka juya su gindi sama, ka duba da haske. Siket ya zama zagaye sak. Wanda ya zama kamar ƙwai, wanda gefensa ya tsage, wanda ɓarɓashin dalma ya maƙale a raminsa, ware su gefe don harbin gwangwani. Idan ƙasan gwangwanin cike yake da garin dalma, ko ƙwayoyin sun yi farin kurɓi kamar an barbaɗa toka, sun tsufa ko aikin ba shi da kyau. Mai son ƙurewa zai iya neman ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare ya auna ƙwaya ashirin. In suna kusa da juna, kamfanin ya iya aikinsa.

Mataki na shida: gwaji a takarda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu ke gaggawa.

Fara da ɗaure duk sukurorin bindiga da na madubi. Sukuru ɗaya da ya saki zai sa ka zargi harsashin da bai yi laifi ba. Zaɓi lokacin da iska ta kwanta, da sassafe bayan asuba ko dab da magariba. A tsakiyar hunturu, ranar da iska ke kaɗa ƙura, bar gwaji sai wata rana. Auna nisan da igiya ko tef, kada ka kimanta da ido: mita 10 ga mai harbin gasa, mita 20 ko 25 ga maharbi. Bayan takarda ka sa kwali cike da tsummoki, bayansa kuma buhun yashi ko katangar ƙasa. Harsashin da ya kuskure yana iya tafiyar ɗaruruwan mita, kuma ya isa ya cire ido ko ya yi kisa.

Zauna a kujera da tebur mai ƙarfi. Mai tanki ka ɗora ta a kan buhun yashi, ka cika ta iska daidai kafin kowane iri. Mai sifirin kuwa kada ka ɗora katakonta kai tsaye kan abu mai tauri. Tana motsi gaba da baya tun harsashi bai fita ba, don haka ka shimfiɗa tafin hannunka a kan buhun, ka ɗora ta a kai sakwa-sakwa, a wuri ɗaya kowane harbi, ka bar ta ta yi motsinta. Wanda ya damƙe ta kamar za a ƙwace masa ba zai ga gaskiyar kowane harsashi ba.

Duk lokacin da ka canza iri, harba goma zuwa ashirin a gefe kafin ka fara ƙirga. Dalmar kamfanoni ba ɗaya ba ce, wata ta fi wata tauri, kuma bututu yana buƙatar ya shafu da sabuwar kafin ya daidaita. Mutane da yawa sun yar da harsashin da ya fi dacewa da su don sun yanke masa hukunci a harbi biyar na farko.

Sannan ka zana ɗigo biyar a takarda, ka harba biyar a kowane ɗigo, ko goma-goma a ɗigo uku. Harbi uku ba gwaji ba ne, sa'a ma tana iya tara uku. Kada ka taɓa saitin madubi ko kaɗan. Ba ruwanka da inda hudojin suka faɗa, sama ko hagu, abin da kake nema shi ne yadda suka taru. Kowane iri zai faɗa wurinsa daban, gyaran wannan na ƙarshe ne. Auna tsakanin huda biyu da suka fi nisa da juna, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka rubuta a jikin takardar tare da sunan harsashi, nauyi, faɗin kai da nisa. Idan ɗaya ta fita daban kuma ka san ba hannunka ne ya motsa ba, ƙirga ta. A daji ita ce za ta karya fiffike ta bar tsuntsu da rai.

Duba siffar hudar ma. Zagaye sak yana nufin harsashi ya iso da kai. Idan hudar ta yi tsawo kamar ramin makulli, ya iso a karkace, wannan irin ya fita daga takara.

Ɗauki biyu da suka yi fice, ka sake gwada su wata rana a nesa, mita 30 ko 35. A kusa kusan kowa gwani ne, nisa ke raba su. Wanda ya ci nan, shi za ka saita wa madubi.

Mataki na bakwai: daidaita shi da abin da za ka harba

Ga mai takarda a mita 10, magana ta ƙare: mai faɗin kai wanda ya fi taruwa, irin su RWS R10 mai giren 8.2.

Ga maharbi akwai sauran nauyi a wuya. Bindigar iska ba ta kisa da girgiza kamar bindigar albarushi, tana kisa ne da faɗawa daidai wurin da ya kamata. Kan kurciya, kan ɓera, ƙwaƙwalwar zomo tsakanin ido da gindin kunne, duk ba su wuce murfin kwalba ba. Don haka ka nemo nisa mafi tsawo da kake iya sa harbi goma cikin murfin kwalba, a irin zaman da za ka yi a daji, ba a kan tebur ba. Wannan nisan shi ne iyakarka, ko da mita 18 ne. Na taɓa wuce tawa iyakar a kan wata hasbiya da ke kan reshen gawo, na same ta a gefen ƙirji, ta tashi da ƙyar ta faɗa cikin ƙaya inda ban iya cim mata ba. Na yini ina jin abin a raina. Dabbar da Allah ya halatta mana ba a ba mu izinin azabtar da ita ba. Yi bisimilla kafin ka saki, riƙe wuƙa mai kaifi kusa, in ka tarar da sauran rai ka yanka nan take. Manyan dabbobi kuma ba aikin wannan bindigar ba ne.

Tsakanin mai ramin kai da ke watsewa da mai zagayen kai da ke taruwa, ɗauki mai taruwa kullum. Idan duka biyun sun taru daidai a nisan da kake harbi, to mai ramin zai yi maka amfani a kan ɓera da gafiya a kusa.

Ajiya da dalma

Dalma guba ce, kuma mu a Arewa mun ga abin da take yi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Akwai al'adar da wasu maharba ke yi ta riƙe harsashi biyu-uku a baki don saurin ɗurawa. Ka bar ta yau. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ɓoye gwangwani inda yara ba za su kai ba, tattara waɗanda suka taru a kwalin gwaji kada kaji su tsince su. A naman da ka harbo, nemo ƙwayar ka cire, ka yanke naman da ke kewaye da hanyarta.

Kada ka zuba harsashi tsirara a aljihu tare da makulli da canji. Kafin ka isa gona siket ɗin rabinsu ya lotse. Sami ƙaramin gwangwani ka shimfiɗa soso ko ƙyalle a ciki, ka ɗebi na yini ɗaya. Wanda aka harba ba a sake harba shi. Mai ko man shafawa kuma kada ya kusanci harsashin bindiga mai sifirin, don zafin matsin iska yana kunna shi ya fashe a ciki ya ƙona roba.

Idan ka samu irin da bututunka ya karɓa, kwafe duk abin da ke 'yar takardar ƙasan gwangwanin, har da lambar rukunin da aka ƙera shi, ka koma shagon da wuri ka sayi abin da aljihunka zai iya daga wannan rukunin. Idan ya ƙare ka buɗe sabon rukuni, harba goma a takarda a nisan da ka saba kafin ka fita da shi daji.